Takabar Matar Sojan Doki

Shekaranjiya aka kai ni ta'aziyya unguwar Pumpumre, nan cikin garinmu Garwa, gidan wata yarinya da mijinta ya rasu a hatsarin babur. Na tarar an kafa rumfa ta tare hanya, an jera kujerun roba, hoton mamacin kuwa ya riga ya zaga wayoyin gari tun kafin maza su dawo daga maƙabarta. Da na shiga ɗaki, yarinyar ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce, "Hajja, yanzu wata huɗu da kwana goma zan yi a kulle kamar mai laifi?" Na ba ta haƙuri yadda ake bayarwa kawai, don ranar ba ta wa'azi ba ce. Amma tun da na dawo gida maganar take cina. Ita an kai mata takaba har ɗaki, tana kukan nauyinta. Ni tawa ƙwatar ta na yi da ƙarfi, a gidan da aka hana ni ko da buɗe baki in ce mijina ya mutu.

Garwar da na sani ba wannan ba ce. Yanzu kafin ladan ya rufe baki babura sun cika wa mutum kunne, kuma haka za su yi ta ruri har rana ta faɗi, ba ka sanin hantsi daga la'asar. A zamaninmu da kunne ake sanin lokaci. Asuba ta kiran salla ce da kukan kurciya a kan darbejiya. Daga nan sai taɓare su ɗauka, gida yana amsa wa gida, har kana iya gane wadda ta kwana da fushi daga yadda take sauke taɓarya. Da damina, in Binuwai ta cika ta batse, sai a ji ƙahon jirgin ruwa daga tasha, mata su bar wanki su tsaya kallo. Ni kuwa cikin duk wannan sauti ɗaya nake kasa kunne dominsa, ƙarar kofato a kan tsakuwar lungunmu. Ko a lokacin dawakai ba su da yawa a unguwar 'yan kasuwa, amma da sun fi haka yawa ma zan ware takun dokin maigidana, don shi ba ya shigowa lungu a hankali kamar mutanen kirki. A sukuwane yake shigowa, kaji suna watsewa, tsofaffi suna binsa da Allah ya shirya.

Gidansu gidan 'yan atamfa ne. Kakan Alhaji, surukina, shi ne ya zo daga ƙasar Hausa da jakuna, ya zauna, ya auri Bafillatana, aka haifi uban Alhaji a nan, aka haifi Alhaji a nan. Duk 'ya'yan gidan da awon yadi suka buɗe ido, ban da maigidana. Shi tun yana yaye wai in aka neme shi aka rasa, a bargar maƙwabta ake tsinto shi. Ba wani kyakkyawa ba ne, kada in yi wa matacce ƙarya. Gajere ne, ga ƙafafu gwame, in yana tafiya a ƙasa sai ka rantse kayan wani ya aro yake takawa da su. Amma bari ya hau. Da ya zauna a kan sirdi sai ya zama wani mutum daban, har nakan sunkuyar da kai don kada a ga yadda nake kallonsa. Alhaji ba ya ganin wannan. Kullum maganarsa ɗaya ce, wai shi bai ga amfanin dabbar da ke cin dawa ba ta ba da nono ba. Ni aka bar wa wahalar dabbar. Ni ce jiƙa dawa, ni ce dakan kanwa, ni ce shanya harawa a kan rufin barga, ni ce kwashe kashi da safe kafin in ɗora tukunyar kunun gyaɗa da nake sayarwa a cikin gida. Ina yi ina mita, shi kuma yana dariya yana ce mini ai dokin ya fi son hannuna da nasa.

Da ya ga zaman shago zai kashe shi, sai ya kama fataucin dawaki zuwa arewa. Ya bi ta Marwa, ya bi ta Mora, har Kusiri, ya ƙetare kogi ya shiga Cadi. A can ne wani babban soja ya gan shi yana horar da wani doki da ya gagari kowa, ya ce masa ya zo ya sa kaki. A lokacin suna da rundunar sojan doki, masu shiga dajin da mota ba ta shiga, su tsare rijiyoyi da garken makiyaya, su kai saƙo da damina lokacin da baƙar laka ke haɗiye tayar mota. Ya amsa ba tare da ya shawarci kowa ba. Ranar da ya zo gida ya faɗa, Alhaji ya kusa shiɗewa. Aka yi ta yi, a ƙarshe aka tsaya a kan cewa duk wanda ya tambaya a ce yana fatauci. Kakin a ƙasan jaka yake ɓoye shi. Sau ɗaya ya sa mini shi, da rana tsaka, ya saki labulen ɗaki, ya tsaya ƙiƙam ya sara mini, wandon ya yi masa tsawo ya naɗe ƙafa biyu. Na yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Yi dariyarki, ranar da kika gan ni a kan doki da wannan kayan sai kin nemi gafara." Ban taɓa ganinsa a hakan ba.

Sai yaƙin basasa ya ɓarke musu a can, 'yan ƙasa ɗaya suna karkashe juna. Mu a nan rediyo muke bi. Maza su kewaye akwati ɗaya a ƙofar gida, mu mata mu tsinci abin da ya faɗo ta kan katanga. Aka ce mutane suna ƙetarowa Kusiri da tabarmi a ka. Aka ce gwamnatinmu ta sa ido, duk gidan da aka ji yana da hannu a yaƙin can, ko da na sayar da takalmi ne, jandarmomi za su zo. Aka ce a Marwa an rufe wani gida an kwashe mazan. Saƙon maigidana ya ɗauke. Ina da goyon 'yata, na yaye ta, ta fara tafiya, ta fara kiran sunan akuya, uban bai gani ba.

Wata rana bayan azahar wani dogon mutum ramamme ya yi sallama. Hausarsa a karye take, Larabci yana leƙowa ta cikinta. Alhaji ya shigar da shi zaure, aka ce in kai ruwa. Na ajiye kwanon a bakin ƙofa, na juya, sai na ji ya ambaci doki. Na tsaya a bayan zana na ji komai da kunnena. Ya ce su bakwai ne a kan dawaki, aka bar su a wani mashigin kogi inda mutanen wani ƙauye, yawanci mata da yara, suke jiran kwalekwale. Sai ga motoci biyu masu bindiga a kai. Ya ce suna iya shiga daji su tsira, dokin kowa yana da sauran ƙarfi, amma maigidana ya ce kwalekwale ɗaya ne, sawu huɗu ya rage. Suka yi ta zagaye suna ta da ƙasa suna harbi, don a ɗauka suna da yawa, har sawu na huɗu ya tashi. Harsashi ya same shi a kwiɓi. Ya ce da hannunsa ya haƙa masa kabari a gindin aduwa, su uku suka yi masa salla. Sannan ya ce wata magana da har yau ban manta ba. Ya ce, "Kwana goma sha biyu bayan nan aka daina yaƙin." Ya buɗe ƙunshi ya fito da rigar kakin. Alhaji ya karɓa, ya sallami baƙon ta ƙofar baya, kafin la'asar rigar ta zama toka a murhun barga.

Bayan la'asar ya tara gidan kaf, 'ya'yansa maza da matansu, da Inna, uwar maigidana, tana zaune a gefe da faifan shinkafa a cinya tana tsince tsakuwa. Ya ce, "Ku buɗe kunnuwanku. Ba wanda ya mutu a gidan nan. Yana fatauci, hanya ce ta rufe. Mu a garin nan aka haife mu, amma ranar da abu ya ɓaci za a tuna daga inda kakanmu ya zo. In aka ji ɗan gidan nan ya ɗauki bindiga a yaƙin wata ƙasa, shago ya tafi, patanti, takardar izinin kasuwancinmu, ya tafi, ni da ƙannensa mu kwana a komisariya, hannun 'yan sanda. Baki ashirin da uku ke ci a gidan nan. Ba zaman makoki, ba sadaka, ba kuka." Na dubi Inna, ko gezau, hannunta bai tsaya daga tsintar ba.

Ni ban taɓa yi wa surukina magana kai tsaye ba. In ya shigo ta nan, ta can nake fita, in ta kama dole in durƙusa in kau da kai. Ranar ban san lokacin da murya ta fito mini ba. Na ce, "Baba, to ni fa? Matar aure ce ni, ko me?" Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "'Yar nan, ki yi takabarki a zuci, Allah yana gani. Amma 'yan kunnenki su zauna inda suke, ki sa kwalli, ki yi kitso, in an yi biki ki je."

Ba zan ce mugu ba ne. Na tsufa yanzu, na riƙe gida, na san abin da tsoro yake yi wa mai iyali. Kuma na bi maganarsa, kwana uku cur. Na sa kwalli a idon da ya kwana yana zuba. A rana ta uku wata maƙwabciya ta shigo sayen kunu, mai yawan barkwanci ce, ta ce, "Ke dai kin huta, in mai doki ya dawo da zannuwan Cadi ko gaisuwa ba za mu samu ba." Sai na yi dariya. Wallahi na yi dariya, har da tafa mata hannu. Da ta fita na zaga bayan ɗaki na yi amai. Mutum ya tsaya a gaban bindiga don 'ya'yan da bai san sunansu ba, an binne shi ba likkafani, ni kuma matarsa ina tafa hannu a kan zannuwan da zai kawo. A nan na san ba zan iya ba. In gidan zai rushe, ya rushe a kaina.

Washegari bayan na idar da sallar asuba na cire 'yan kunne, na zare warwaro, na tsefe kaina, na wanke kwallin tas. Na ɗauko wani tsohon zane marar ado na ɗaura, na soke 'yar wuƙa a ƙugu yadda na ga iyayenmu suna yi in suna takaba. Na ɗora kununa kamar kullum, na zauna a tabarma a ƙofar ɗaki. Ban yi shela ba, ban yi kururuwa ba. Kuskuren Alhaji ɗaya ne, kuma kuskuren maza ne. Ya toshe masallaci, ya toshe kasuwa, ya toshe bakin 'ya'yansa, ya ƙona riga, amma bai san cewa mata ba sa bukatar a faɗa musu komai ba. Kunnen mace kawai za su duba.

Wadda ta fara shigowa wata tsohuwar Bafillatana ce da muke kira Goggo. Ta miƙo ƙwarya tana gaishe ni da Fillanci, "Jam na?" sai idonta ya sauka a kunnena, ya gangara kan zanen, ya tsaya a kan wuƙar. Ta ajiye ƙwaryar a hankali. Ta ce, "Wa?" Na ce, "Maigidana." Ta dafa kaina ta ce, "Allah hokke munyal," wato Allah ya ba ni haƙuri. Ita ce mutum ta farko a duniya da ta yi mini ta'aziyya, kuma har in mutu ina sa ta a addu'a. Kafin azahar babu gidan da labarin bai shiga ba a unguwar.

Abin da ya biyo baya ba na so in tuna, amma zan faɗa. Maza suka fara zuwa zaure da hannu a buɗe za su yi addu'a, Alhaji yana mayar da su. Ya ce musu yarinyar ce ba ta da lafiya, kewar miji ta taɓa mata kai, iska ce ta shige ta. Mahaukaciya ke nan aka mai da ni. Aka kawo malami ya yi ta tofi, aka turara ni da hayaƙi har ina tari. Malamin da zai tafi ya dube ni ya dubi ƙasa, na san ya gane. Matan gidan suka daina yi mini magana, in na taɓa guga sai an ɗauraye. Masu sayen kunu suka ragu, wa zai sha kunun mai iska? Mahaifina ya aiko daga unguwar Domayo, can Marwa, wai in ji tsoron Allah in bi maganar manya. Na ce wa ɗan aiken ya koma ya ce masa tsoron Allah ne ya zaunar da ni a tabarmar nan. Na aika aka tambayo mini wata malama yadda ake ƙirge, ta ce daga ranar da ya rasu ake farawa, ba daga ranar da labari ya zo ba. Na samo ƙwayar masara na zuba a gwangwani, kullum in fitar da ɗaya. Inna kuwa ko kallona ba ta yi. Ta wuce ni da buta, ta wuce ni da faifai, fuskar nan a ɗaure. Na ɗauka duk gidan ba wanda ya tsane ni kamarta.

'Yan yanzu suna ganin mu mutanen da ba mu da baki, wai an danne mu mun kwanta. Ina jin su, jikokina ma suna faɗa, suna taɓa waya suna yi mini bayanin 'yanci. Nakan bar su su gama. Ba su san cewa akwai faɗan da ake yi a zaune ba, ba zagi, ba ɗaga murya, ka dai ƙi tashi daga inda ka san nan ne wurinka. Wata biyu na yi a kan tabarmar nan ana kewaye ni kamar kashin kaza a tsakar gida. Kowace safiya Alhaji ya aiko a ce in sa 'yan kunne, kowace safiya in ce a gaishe shi.

Ranar da ake tsoro ta zo da hantsi. Jandarmomi biyu, da Jauro, mai unguwarmu, yana biye da su yana share gumi. Muna jin muryoyi daga zaure, Faransanci yana hawa, Fillanci yana sauka. Alhaji yana ta rantsuwa ɗansa fatauci yake, yarinyar ce ba ta da hankali. Babban cikinsu ya ce shi sai ya ga madam ɗin da idonsa. Haka suka keto har tsakar gida da takalmansu, abin da wani namiji baƙo bai taɓa yi ba. Mata suka watse ɗakuna, yara suka maƙale a bayan randa. Babban nasu ya tsaya a kaina, Jauro yana fassara. Ya ce, "An ce kina takaba. Wa ya mutu? A ina ya mutu?"

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Ni da na yi wata biyu ina cika baki, ranar bakina ya bushe. Na ga Alhaji a tsaye a bayansu, rawaninsa ya karkace, tsoho ne tukuf ashe ban lura ba. Na ga idanun yara ta bayan randa, har da tawa. In na ce ya mutu, na miƙa tsohon nan da hannuna. In na yi shiru, na amsa ni mahaukaciya ce, kuma mutumin da ke kwance a gindin aduwa bai taɓa mutuwa ba, bai ma taɓa yin abin da ya yi ba. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Jandarman ya juya ya dubi Alhaji, ya ɗaga kafaɗa, alamar ya yarda da zancen hauka. Har ya fara mayar da alƙalami aljihu.

Sai muka ji an ajiye faifai. Inna ce ta taso daga ƙofar ɗakinta, ba mayafi, ta tako har gaban mutumin. Maigidana shi ne ɗanta na fari, ita kuma irin matan da ce, masu kunyar ɗan fari. Shekara talatin da wani abu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, in za ta yi zancensa sai ta ce "wancan" ko "mai dokin nan". Ta dubi jandarman ido cikin ido ta ce, "Yarinyar nan lafiyarta ƙalau. Sa'idu ne ya rasu. Sa'idu, ɗana. Ni na haife shi a ɗakin can. Soja ne, a kan doki ya mutu, yana tsare 'ya'yan mutane. Jauro, faɗa masa da bakin da yake ji. Ka ce Sa'idu." Sau uku ta kira sunan. A na ukun muryarta ta karye, ta zube a tabarmata, ta rungume ni, ta saki wani irin kuka da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Wata biyu yana cikinta tana tsince shinkafa a kansa. Ɗakuna suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, gidan gaba ɗaya ya ɗauka.

Jandarmomin sun tafi da Alhaji, shi da babban ƙanin maigidana. Suka garƙame shagon da kwaɗo, suka manna takarda. Amma kafin la'asar ta ranar, ba tare da kowa ya ba da umarni ba, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Liman ya zo, 'yan kasuwa suka zo, Fulani da Hausawa da Barebari, har da masu dawakin unguwar da suka ɗaure dabbobinsu a bakin lungu. Ina daga ciki ina jin amin tana tashi kamar ana zuba hatsi a rumbu. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, duk da lokacinsu ya wuce da nisa. Aka daka gumba aka raba. An ambaci sunansa a masallaci, da ƙarfi, an ce Allah ya jiƙansa.

Kwana goma sha tara suka yi a tsare. Da aka gane ba bindiga a gidan, ba kuma wanda ya san wani abu, aka sake su. Alhaji ya fito da ƙafafu a kumbure, ya koma dogara sanda daga ranar har ƙarshen ransa. Shagon da aka buɗe, rabin kayan babu, kuma bai sake komawa yadda yake ba. Biyu daga cikin 'ya'yansa sai da suka bar gari neman abinci. Wannan duk gaskiya ne, ban taɓa musu ba. Har gobe akwai jikokin gidan da in an ambace ni sai su ce, ai ita ce ta karya gidan Alhaji. A wajen biki na ji wata tana faɗa, ba ta san ina bayanta ba. Na taɓa kafaɗarta na ce, "Ni ce, 'yata. Duba ni da kyau." Ina jin ciwon abin da ya sami tsohon, Allah ya sani ina ji. Amma nadama dabam, ciwo dabam. Da za a mayar da ni safiyar nan, 'yan kunnen nan a hannuna, wallahi cire su zan sake yi. Mutum ba akuya ba ne da zai faɗi a daji a ce ya ɓata. 'Yata ta tashi ta san ubanta ya mutu, ta san inda ya mutu da abin da ya tsaya a kai, ba ta girma tana leƙen lungu tana jiran ɗan fataucin da ya manta da ita ba.

Abin da masu zagina ba su sani ba shi ne abin da ya faru kwana biyu bayan an sako Alhaji. Da hantsi ina zaune a ɗaki, sai na ji ƙwanƙwasar sanda tana matsowa a hankali, ta tsaya a bayan labulena. Suruki ba ya zuwa ƙofar ɗakin matar ɗansa, ban taɓa ji ba. Na durƙusa a ciki, na ce yau kora ce ta zo.

Ya ce, "'Yar nan."

Na ce, "Na'am, Baba."

Ya ce, "Baƙon nan da ya zo, na san kina bayan zana. Ni kunnena ya toshe tun daga inda ya ce harsashi. Ya ce mutanen sun ƙetare?"

Na ce, "Sun ƙetare, Baba. Sawu huɗu, duka."

Ya ce, "Duka?"

Na ce, "Har na ƙarshe."

Na ji ya ja hanci. Sandar ta ɗan motsa kamar zai tafi, sai ya sake tsayawa.

"Kwana nawa ya rage miki?"

Na jawo gwangwanin na ƙirga. Na ce, "Ashirin da ɗaya."

Ya ce, "Ki cika su."

Daga wannan bai sake yi mini magana ba har ya koma ga Allah, ko gaisuwata ta bakin wani yake amsawa. Ban riƙe shi ba, yana da hakkin fushinsa. Ni dai na zauna a tabarmata, a cikin gidansa, da saninsa, na cika su ɗaya bayan ɗaya. Ban rage wa Sa'idu ko yini guda ba.